Littafin da Aka Ƙona a Ƙanƙara

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni ce Lauratu, ɗiyar Malam Salihu na Sheme ta ƙasar Faskari. Da hannuna na rubuta wannan, hankalina garau, ba wanda ya tilasta ni, a watan Zulƙida na shekarar 1396, wadda 'yan boko ke kira 1976. Murna ce ta cika ni. Saura kwana tara in hau jirgin sama a Kano zuwa Makka, ni da ban taɓa wuce Zariya ba. Na ɗaure kayana na kwance ya fi sau biyar. Amma shekaruna sun doshi sittin, ƙirjin nan kuma kun san halinsa, rai baƙon duniya ne. Ko in dawo da haƙorin Makka ina yi muku yanga, ko in kwanta can, duka biyun riba ce gare ni.

Ku uku nake wa magana. Kai Mani, autana, da Allah ya buɗa maka a kwangilar ɗaukar siminti har ka biya mani kujera. Ke Suwaibatu da ke aure a Sabuwa. Sai kai babbansu, malamin Arabiyya a Ƙanƙara, wanda bakina bai taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari. Alƙalami ba ya jin kunya, don haka yau na rubuta: Lawwali.

Na damƙa takardar nan ga Malam Abdulƙarim, limaminmu, na ce ya tara ku ya karanta ranar da jirgi ya tashi, kada ya jira labarin mutuwata. Kun san ni, ban taɓa riƙe littafi ban leƙa shafin ƙarshe ba. Wannan ma ba zan iya jira ba.

Na ɗaya. Gonar bakin rafi, da tumaki, da ɗakina da abin da ke ciki, in ta Allah ta kasance a raba yadda shari'a ta ce. Malam Abdulƙarim ya fi ni sani. Wanda ya ɗaga murya a kan akuya ban yafe masa kunyar da zai ba ni ba.

Na biyu. Akwai littattafai biyu na Bilki, matar malamin makarantar 'Yargoje, da na ara tun kafin damina. Ɗaya na tarihin matan sahabbai ne, ɗayan labarin wata yarinya ce da ta ƙi attajiri ta bi mai rini. Suna ƙarƙashin matashina. A mayar mata, a ba ta haƙuri a kan man gyaɗan da ya ɗiga a shafi na talatin, ina toya ƙosai ne labarin ya kai inda ba a ajiyewa. Ku faɗa mata kuma ni har yanzu ina nan a kan bakana, mai rinin nan bai cancanci wahalar da ta sha ba.

Na uku. Rediyon da Mani ya kawo mani da littattafan da aka buga, waɗanda na tara daga kasuwar Funtuwa, na riga na ba matan unguwarmu kyauta tun ina raye, a gaban liman. Zaman da muke yi ranar Alhamis bayan la'asar a ƙarƙashin dalbejiyar gidanmu kada ya mutu. Ana ɓarar gyaɗa ana sauraro, kuma ban taɓa ganin an bar ko kwano ɗaya ba a ɓare ba. A zaman nan ne Mairo mai fura ta koyi karatu tana da jikoki, don haushin kullum sai na tsaya daidai inda saurayi ya yi sallama a zaure. Yanzu ita ce za ta riƙa karantawa. Ku ce mata ta rage sauri, ta kuma daina faɗa wa mutane wanda zai mutu.

Ni dai, Allah ya sani, ina son labari. Ina son a ce wane ya ga wance, zuciyarsa ta buga, ya tsare kansa ya bi ta ƙofa, aka sha wuya, aka yi ta addu'a, Allah ya kawo mafita ta inda ba a zata ba. Na yi daka da littafi buɗe a kan kwando. Na yi goyon Mani ina karatu har ya yi barci ya farka ban sani ba. Wasu sun ce tsufa da wasa, ni kuwa na ce ba wanda ya taɓa kwana da yunwa a gidana saboda littafi, sai dai tuwo ya ɗan kama, wannan kam ba zan musa ba.

Na huɗu. Shi ne dalilin rubutun nan, sauran duk rakiya suka yi.

A cikin akwatin ƙarfe mai kore akwai littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, rubutun hannu, manyan baƙaƙe. Da bakwai ne, yanzu shida. Labarin Bilya ne, ɗan mai fataucin shanu, da Alheri ɗiyar ladan. Duk macen da ta zauna a dalbejiyar nan ta san su kamar maƙwabtanta. Kullum in an tambaye ni inda na samo, sai in ce daga wani mutumin kirki. Mutane suka yanke cewa wani ɗan Zariya ne, na bar su a haka.

Shekara biyu ke nan, ranar sunan ɗiyar Lawwali a Ƙanƙara, ke Suwaibatu kika tafi da littafi na huɗu don ki karanta wa mai jego Asma'u. Mata suka cika ɗaki, labari ya yi daɗi, rana ta yi ja ba wadda ta tashi yin la'asar. Kai kuma Lawwali ka shigo ka tarar da matan aure suna sharar hawaye a kan takarda, ka fizge, ka ce sharholiyar 'yan bariki ce, ka tura a murhu. Ke kika rantse ba za ki ƙara taka gidansa ba. Kai da ta haihu ba ka je Sabuwa barka ba. Tun daga ranar, in ɗayanku ya ji ɗaya yana Sheme sai ya fasa zuwa, har sallah kuka raba mani biyu.

A kan sallar la'asar kai ke da gaskiya, ba na jayayya, ni ma ina cikin waɗanda suka makara. Amma ina zaune taku uku daga murhun nan. Da na buɗe baki da kalma ɗaya, da ka ciro shi kafin wuta ta ci bango. Sai na yi abin da na saba yi duk lokacin da ka shigo wuri, na ja mayafi na rufe fuska na dubi ƙasa. Uwa ba ta yi wa ɗan fari magana a gaban mutane, haka aka tarbiyyantar da ni. Ina ji ina gani ya ƙone. Wannan laifina ne, ba na ɗayanku ba, kuma shi ne abin da ba na so in tsaya da shi a Arfa.

Mahaifinku ne ya rubuta su.

Allah ya jiƙansa. Kun san shi malamin awon auduga kuma na'ibin liman, mutum mai tsare gira, wanda ko dariya sai ya duba hagu da dama. Lokacin da aka kawo ni gidansa ban san ko baƙi ɗaya na boko ba. Ya yi ta fama ya koya mani, ni kuwa kaina kamar dutse, da ya fara sai hamma. Sai wata rana na ɗaga faifan da ke rufe da ƙwaryar gari na tarar da littafi, shafi ɗaya kawai aka rubuta, baƙaƙe manya kamar na makaho. Kwana uku na yi ina haɗa su. Ashe wani Bilya ne ya tsaya shan ruwa a ƙofar gidan ladan, aka miƙo masa moɗa daga bayan zana, ya ga hannu bai ga fuska ba. Nan rubutun ya tsaya. Na kusa haukacewa! Na mayar da littafin ƙarƙashin faifai, bayan kwana biyu na sami shafi na biyu. Haka muka yi shekara goma sha ɗaya. Bai taɓa ce mani shi ke rubutawa ba, ban taɓa ce masa na sani ba. In labari ya ɓata mani rai sai in cika masa yaji a miya, in ya yi daɗi sai ya ga man shanu, kuma ina lura shafi na gaba yana bin miyar.

Bai sa sunansa ba saboda kunya. Na'ibin liman da labarin soyayya, ina zai sa kansa a Sheme? Da ciwon ajali ya kama shi, ya nuna akwatin da ido ya ɗora yatsa a leɓe, na gane. Shekara ashirin na riƙe. Yau na saki, in na yi kuskure Allah ya yafe mani, shi kuma in mun haɗu ni na san yadda zan lallashe shi.

Kai Lawwali ba yadda za a yi ka gane hannunsa. Rubutunsa na Larabci ka sani, kuma ba a gabanmu ka tashi ba. Ranar da aka yaye ka Goggo, yayar mahaifinka, ta zo ta goya ka sai Ƙanƙara, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Ban raka ku ko zaure ba. Mata suna ta yaba mani, wai Lauratu akwai kara, ko a jikinta. Ni kuwa wata uku ina zagayawa bayan rumbu in toshe bakina da zane. Ban san mahaifinka ya lura ba sai da na ɗaga faifai na ga sabon littafi.

Shi ne na huɗu. A cikinsa Bilya da Alheri sun riga sun yi aure, sun haifi ɗa, an ɗauke shi an kai wani gari. Alheri tana zagayawa bayan rumbu. Bilya ba ya iya ce mata komai, sai ya riƙa ƙirƙiro fatauci zuwa garin da yaron yake, ya dawo yana ba bango labari da ƙarfi yadda za ta ji: ya fara gudu, ya kori kaza, ya fara cewa bismillah kafin ya ci. Duk abin da ke cikin littafin nan gaskiya ne, sunaye kawai aka sauya. Da shi na san ranar da ka fara haɗa magana. Da shi na san ka faɗa a kwatami ka fito kana dariya. Abin da matan nan suke wa kuka a ɗakin Asma'u kai ne, ba su sani ba, kai ma ba ka sani ba.

Ban faɗi wannan don in ƙona maka rai ba. Mahaifinka da ya ga ka tsaya a kan salla da ya ji daɗi. Na faɗa ne don akwai gyara, kuma tun da dabarar ta zo mani nake jin kamar in taka rawa.

Batu na biyar. Suwaibatu ta haddace littafin nan kaf. Tun tana 'yar shekara tara take karanta shi, na gwada ta bara ba ta sani ba, ko tarin Bilya ba ta tsallake ba. Amma rubutunta kamar kaza ta bi ta kan toka. Kai kuwa Lawwali duk ƙasar Ƙanƙara an san kyan hannunka. To ita ta faɗa, kai ka rubuta. Ba wanda zai iya shi kaɗai. Ke Suwaibatu, rantsuwar da kika yi ki yi kaffararta, yayanki zai gaya miki yadda ake yi, aikinsa ne. Kada ki tsaya jiran ya durƙusa miki, abin da zai ji daga bakinki shafi bayan shafi ya ishe shi. In ya tsaya ya fita waje, ki ƙyale shi, zai dawo. In ladan ya kira salla ku ajiye alƙalami ku tashi, kada a maimaita.

In an gama a mayar da shi akwati tsakanin na uku da na biyar. Akwatin ba na kowa ba ne a cikinku. Ya yi wata huɗu a Ƙanƙara, huɗu a Sabuwa, huɗu wurin Mani, kuma mai riƙe da shi ne zai kai da ƙafarsa, ban yarda a ba direba saƙo ba. Zumunta a ƙafa take. Mani, kai da kake da mota, kai ba ka da uzuri ko kaɗan.

In na dawo, a ƙarƙashin dalbejiya nake son in ji shi, da muryar wanda ya rubuta, ni kuma ba zan ja mayafi ba, duk mai gulma ya yi. In ban dawo ba, bayan an share makoki ku karanta wa 'ya'yanku, ku gaya musu kakansu ne, su san cewa mutum yana iya jin tsoron Allah ya kuma so matarsa har ya rasa yadda zai faɗa.

Na yafe muku duka, duniya da lahira, ku ma ku yafe mani. Mani, Allah ya tsare maka hanya, ya sa abin da ka kashe a kaina ya zame maka inuwa ranar da babu inuwa. Suwaibatu, Allah ya sanyaya miki zuciya, zafin nan nawa kika ɗauko, na san nauyinsa. Lawwali, ina sonka tun ranar da aka aza mani kai a cinya na kau da kai don mutane suna kallo. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku biyayya, ya sa kada wani ya taɓa jin kanku.

Ku riƙe juna, ba ku da wasu. Kai ne babba, kai za ka fara zuwa Sabuwa, kada ka bari jirgina ya sauka Jidda kana shawara. Ka tsaya a Funtuwa ka sayi littafin rubutu mai kauri, ƙaramin ba zai ɗauke ba, mahaifinka bai bar komai naka bai rubuta ba.

Mahaifiyarku,
Lauratu.