Katin Kyamarata Ya Cika

Yaya,

Ina gaishe ki. Yaya jikin Baba, ya yara? Ni ƙalau nake, kada muryata a waya ta dame ki, mura ce kawai.

Kyamarata ta so ta kunyata ni. Ina ɗaukar 'yan tsere sai ta yi nauyi, in danna ta tsaya nazari, har na ɗaya ya wuce ban same shi ba. Maigidana ya yi faɗa, amma dai bai sallame ni ba.

Mai gyara ya ce, "Lafiyarta lau. Katin memorin ne ya tsufa, ga shi ya cika maƙil. Me ka tara haka?"

Hotunan marigayiya Inna ne, ranar da zan taho, tana shanya, tana faɗan kada in ɗauke ta da tsohon zane.

Na sa sabon kati mai sauri, aiki ya daidaita. Tsohon yana cikin ambulan ɗin nan, ki kai a wanke wa Baba hoton da take dariya a ciki. Ni dai yanzu in na kunna kyamara lokacin hutu, baƙin fuskoki kawai nake gani.

Allah Ya jiƙanta, Ya sada mu da alheri.

Ƙaninki.