Karan Masallacinki Ya Yi Fure

Zuwa ga ƙanwata Zara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Nafi'u da yara. Allah ya ƙara muku lafiya a can Agadas. Mu nan Badaguishiri lafiya lau, an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, alhamdu lillahi.

Zara, bakina ƙaiƙayi yake don in ba ki labari! Karan masallacin nan da kika dasa a bayan rumbu kafin ki tafi ya kusa jawo mana ɓarna. Kwanakin baya wani wari ya tashi a gidan kamar na mushe, ga ƙudaje sai ka ce mahauta. Maigidana Labo, kin san shi da gaggawa, ya rantse ɓera ne ya mutu a cikin hatsi. Ya fito da kusan rabin dammunan gero bai ga komai ba, har ya ɗauko gatari zai fasa gindin rumbun. Hankalina ya tashi, don da ƙyar muka gyara shi bana.

Ɗiyarki Humaira ce ta bi ƙudajen, ta same su sun yi dafifi a kan shukarki. Ashe fure ta yi, ja mai duhu, mai gashi-gashi, shi ke warin! Ta ce an koya musu a lakwal, makarantar boko, cewa yaudara ce: ƙuda ya ɗauka nama ne, ya sauka, ya kwashi garin furen ya kai wa wani fure, shi kuwa ya tashi da yunwarsa. Wai a wasu ƙasashe akwai furen da ake kira okid, mai siffar macen ƙudan zuma, namiji ya zo neman aure, ya koma da gari a ka. Na yi dariya har da hawaye. Ikon Allah!

Kunya ta kama Labo, ya ce to shukar zai sare. Nan na tsaya masa, na ce abin da Zara ta dasa da hannunta ba mai taɓa shi. Ya ajiye gatarin, ya mai da dammunansa shi kaɗai yana gunaguni. Gaskiya kewarki ta ishe ni. Yanzu kullum da safe nakan ja kujera in zauna can, in toshe hanci, ina kallon ƙudaje ina hira da ke a zuci.

Ki gai da Nafi'u da Usama da Yasmin. Labo da Humaira suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki mai begenki,
A'ishatu