Lambar Noemí

Wichita, 8 ga Satumba

Mamá,
Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafafunki sun yi sauƙi duk da tsayuwar aiki a mayanka. Ofishin kuɗi na jami'a ya dawo mini da fom ɗin haraji. Wai lambar shaidar da kika karanta mini ba ta dace da sunana ba, kuma ba za a saki rancen karatuna ba sai an gyara kafin ƙarshen wata. Na san halinki, in babu tabarau bakwai ma ɗaya ce a idonki. Ki aiko mini da katin kansa.
'Yarki, Yadira

Garden City, 14 ga Satumba

'Yata,
Na gode da gaisuwa. Ga wake da barkono na aiko, ki riƙa cin abinci. Katin ina nemansa. Kada ki yi wannan magana a waya.
Allah ya tsare, mahaifiyarki Ofelia

21 ga Satumba

Mamá,
Ina gaisuwa. Ke da kike ajiye haƙorina na farko a gwangwanin biskit, kati ne zai ɓace miki? Saura kwana tara. A ƙasan fom ɗin akwai rantsuwar da zan sa wa hannu, cewa lambar tawa ce. Tsoro nake ji, Mamá.
Yadira

25 ga Satumba

'Yata,
Ina gaishe ki, in za ki amsa. Katin bai ɓata ba, sunan da ke kansa ne ba naki ba. A Olancho, can ƙasarmu, na haife ki, a goye na tsallako iyaka da ke a ɓoye kina wata goma. Ƙanwarki Noemí ce aka haifa a nan, aka ba ta lamba, ta yi mako bakwai ta rasu. Na ɗauka lamba kamar rigar gado ce, 'yar da ta rage sai ta sa. Ban san gwamnati na haɗa ta da suna ba. Shekara goma sha bakwai ina jin kunyar faɗa miki. Ki yafe mini.
Ofelia

29 ga Satumba

Mamá,
Na amsa. Ban sa hannu ba, na mayar wa jami'a makullin ɗakin kwanana. Motata za ta iso Asabar da azahar. Kada ki dafa komai. Ki sa takalminki mai taushi, ki kai ni inda Noemí take kwance.
Yadira