Saura Cokali Biyu

Mama,

Gaisuwa mai yawa daga nan birnin Bukares. Yaya garinmu Zahle, yaya ƙafar Baba? Yaya ƙanwata Nuhad? Mu lafiya lau, sai gajiya. Aikin gidan tsofaffin nan tsayuwa ce tun safe, amma na saba, kada ki damu.

Yajin nan mai haɗi bakwai da kika daka mini, saura cokali biyu. Ranar Lahadi na gwada haɗa nawa, na zuba a naman kibbe, abincinmu na gida. Surukinki Ghassan ya ɗanɗana, ya ce, "Hiyam, wannan abinci ne ko maganin mura?" Na yi dariya, sannan na shiga kicin, na daɗe ban fito ba. Ko kanumfari ne ya yi yawa ko kirfa, ban sani ba.

Nuhad ta ce kwanan nan kina yawan mantuwa. Don Allah ki zaunar da ita, ki auna komai a gabanta ta rubuta. Kada ki ce sai na zo ki nuna mini da hannunki. Takarduna na izinin zama ba su fito ba, Mama. Bana ma ba zan zo ba.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Hiyam