Ƙaramin da Aka Ce In Jefar

Inna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya Baba da auta? Ni lafiya lau, gadin shagon katako yana tafiya, kada ki sa komai a ranki.

Ga abin dariya. Karyar maigidanmu ta haihu a ƙarƙashin gadona, 'ya'ya biyar, duk idanunsu a rufe. Ni da awaki kawai na sani, masu faɗowa ido buɗe, sai na ruga na ce masa duk makafi ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in ba su sati biyu.

Ƙaraminsu ne 'yan'uwansa suka hana nono. Maigida ya ce in jefar, ba zai kai labari ba. Na ce a bar min shi. Na yi masa yadda kika yi wa marayan ɗan akuyarmu, ina jiƙa tsumma da madara mai ɗumi yana tsotsa. Kada ki damu, kayan sallata suna rataye can sama, inda kare ba zai taɓa su ba.

Yau kwanansu ashirin da biyar. Duk sun buɗe ido, suna tafiya suna tangaɗi. Jiya na dawo daga kasuwa, sai ga nawa ya tarye ni a bakin ƙofa. Inna, wata takwas ke nan da zuwana garin nan, shi ne farkon wanda ya yi min sannu da zuwa.

Zai kai labari, ni ma haka. Ki ci gaba da sa min albarka.

Ɗanki na fari.