Ɓerayen Tsallaken Titi

Litinin, 2 ga Yuni
Sakamakon gwajin jinin ɓerayena ya fito daga ɗakin gwaji, kuma kaina ya kulle. Duk rubutun digirina a kan magana ɗaya na gina shi: babban titi ya raba ɓerayen daji gida biyu, na gabas ba sa auratayya da na yamma. To ga shi jini ya ce ƙarya nake. Na wannan gefe da na wancan, dangi ne na jiki.

Alhamis, 5 ga Yuni
Na kai wa Malam, mai duba aikina. Ya ce in sake dubawa, ƙila na rikita kwalabe. Ban rikita ba. Ko na rikita? Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne wata gona da tarakta ke sharewa duk shekara, ba ciyawa ba shinge. Ko faɗin titin ba ta kai ba, amma ɓerayen gefenta biyu kamar ba su taɓa haɗa kaka ba.

Lahadi, 8 ga Yuni
Yaya ta fara ɗaure kaya a kwali. Ƙarshen wata za ta tashi, a bakin matar maƙwabci na ji. Gida ɗaya muke, ɗakinta na kallon nawa, tsakar gida ce kawai tsakaninmu. Rabon da mu yi magana tun ranar da ta rabar da kayan Inna bayan rasuwarta ba ta tambaye ni ba. Ko ɗankwali ban samu ba. Ta tafi mana, ina ruwana.

Laraba, 11 ga Yuni
Na leƙa kwalbatin da ke ƙarƙashin titi. Kashin ɓera ko'ina, da ɓawon gyaɗar da nake sa musu a tarko. Ashe ta nan suke kai ziyara, motoci na wucewa ta kansu. Malam ya yi dariya a waya, wai ko a wajen ɓera zumunci a ƙafa yake. Ya ce nisa ba ya hana su, fili ne ke hana su, inda shirwa za ta gan su ba wurin ɓuya. Ni ban yi dariya ba, ban san dalili ba.

Talata, 17 ga Yuni
Ƙanina da ke ƙasar waje ya kira, mun daɗe muna hira. Ya tambayi Yaya. Na ce tana nan.

Asabar, 21 ga Yuni
Wata macen ɓera da na sa wa alama a kunne a kudancin gona, yau na same ta a tarkon arewa. Na juya ta, na sake juya ta har ta cije ni a yatsa. Ita ce. Ta ina ta bi? Na zaga gonar sai na ga tsohon bangon da ya rushe a gefe, ciyawa ta rufe shi. Doguwar hanya ce, amma ta iso. Yanzu ban san me zan rubuta ba. Gona tana raba su, ko ba ta raba su?

Juma'a, 27 ga Yuni
Yatsan ya kumbura, ni kuma ba ni da maganin ciwo, shi ne kawai dalili. Da la'asar na je wurin Yaya. Ban ratsa ta tsakar gida ba, ta jikin bango na bi, ta bayan igiyar shanya, na tsaya a ƙofarta kamar baƙuwa. Ta kalli yatsan, ta ce, "Ke da ɓerayenki. Zauna." Tana ɗaure min ba ta ɗago kai ba. Can ta jawo wani kwali da ba ta rufe ba, ta turo min da ƙafa. Zanen Inna ne a sama, mai ruwan toka, wanda take sallah da shi. Ta ce tun ranar rabon kayan ta ware min, tana jira in zo in ɗauka.

Ban ce mun shirya ba. Gobe dai zan taya ta ɗaure sauran kayan, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.