Ranar da Na Ƙwala Maka Kira a Gindin Jinga

Zuwa ga kakana, Malam Bukar,

Assalamu alaikum, tsohon angona. Yaya kwanciya? Allah ya sa inda kake ya fi rumfar ƙofar gidanmu sanyi da iska.

Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. To ai ko da kana raye ma ba kai za ka karanta ba, ni za ka miƙo wa, ka ce in ɗaga murya tunda ba da sauro kake hira ba. Ka ga ke nan ba abin da ya canza sosai. Ni na rubuta, ni zan karanta, sai dai yau babu mai katse ni da tari.

Gida kowa lafiya. Inna tana nan da sana'arta ta turara shinkafa. Jar akuyarka ta haifi biyu, kuma har yanzu ba ta tuba da zogalen maƙwabta ba. Baba ya gaji rediyonka, amma shi ba ya yi wa masu karanta labarai faɗa kamar yadda kake yi, sai in ji rediyon ya zama maraya. Gwaggo Yagana ta zo daga Kaugama da ƙaramar salla, ta ƙaro mini tsofaffin littattafanta na soyayya, waɗanda ta ce ɓeraye sun fi ta son su.

Tunda na ambaci littattafai, bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Ka tuna da idonka ya yi rauni, kake sa ni in karanta maka su bayan la'asar? Wallahi tsallake nake yi. Duk inda saurayi ya fara yi wa budurwa daɗin baki, sai in ce ya gaishe ta ya tafi. Kai kuma ka gyaɗa kai ka ce samarin cikin littafi akwai ladabi, ba su da aiki sai gaisuwa. Sai bayan rasuwarka Gwaggo ta gaya mini ka sani sarai, har kwaikwayona kake yi mata kuna dariya. Haba Kaka! Haka ake yi wa amarya?

Ruwan farko na bana ya sauka ba ka nan. Ka san al'adarka: ranar da aka yi ruwan shuka sai ka tara mu jikoki a zaure, ka tambayi kowa abin da zai iya kafin wani ruwan shukar ya zagayo. Wani ya ce izu biyu, wata ta ce ɗinki. Ni kuwa kowace shekara abu ɗaya nake faɗa, cewa zan koyi ɗaga murya, kuma ko shi sai ka sa kunnenka dab da bakina kafin ka ji. A makaranta malama za ta yi tambaya, na san amsar, amma sai ta maƙale mini a wuya har wata ta faɗa. Bana ba wanda ya tara mu. Na je zauren ni kaɗai na tsaya inda kake shimfiɗa buzunka, na sake faɗa. Ko kazar da ke kwance a lungu ba ta ɗago kai ba.

A makon ruwan farkon nan ne Baba ya yi maganar da ta hana ni cin tuwo. Ka san ruwa ya cinye mana shinkafa bara, ya cinye ta shekarar da ta gabace ta. To ya ce wa Inna ya gaji. Ya ce in bana ma ambaliya ta shiga gonar fadama, zai sayar wa wani Alhaji na cikin Haɗeja da ya daɗe yana zagayen ta, mu tattara mu koma gari ya kama tuƙin adaidaita. Gonarka fa, Kaka. Wadda ka ce ka zo daga bakin tafkin Chadi da komar kamun kifi ɗaya a kafaɗa, ka sare ciyawar kacalla da hannunka har ka fitar da ita. Ka san ni. Na shiga madafi na yi kukana, da Inna ta tambaya na ce hayaƙi ne.

Damina ta yi kyau da farko. Shinkafa ta tashi kore shar, in iska ta bi ta kanta sai ka ce ana karkaɗa sabon zane. Da ta fara ɗaukar ciki sai labari ya zo cewa ruwa yana tafe, mutanen Miga sun riga sun gan shi. Nan take aka yi shelar gayya. Maza suka fita kan jinga, wannan doguwar ganuwar ƙasa da kuka tayar tsakanin kogi da gonaki, wasu na cika buhuna, wasu na jerawa, wasu na dannewa da ƙafa. Mata suna dama kunu, mu 'yan mata muna kaiwa.

Kar ka yi mini dariya, amma ruwan nan da kowa ke tsoro, ni kyau yake yi mini. In ka hau jinga da safe, ga shi nan shimfiɗe har inda ido ya tsaya, furen bado fari fat a kansa, tsuntsaye suna sauka suna tashi. Sai in riƙa tunanin wani zai ɓullo daga nesa a kwale-kwale, da farar shadda, yana kallona yana murmushi. Na yi ta jira. Abin da ruwan ya kawo mini shi ne fasasshen bokiti da takalmin wani, ƙafa ɗaya.

Ranar da nake son ba ka labari, na kai kunu da azahar. Mazan duk sun tafi can kwanar jinga, gindin tsamiyar nan, don su yi salla su ci abinci. A hanyar dawowa na sauka ta ɓangaren gonarmu, na zauna a inuwar kanya, na zaro littafin da na ɓoye a cikin hijabi. An zo daidai inda saurayin ya dawo daga tafiya, ya tsaya a ƙofar gidansu yarinyar, zai faɗi abin da ya riƙe a ransa tun farkon littafi. Sai na ji zanena ya jiƙe.

Na duba, ruwa ne yake tsattsafowa daga gindin jinga. Ka tuna ina ƙarama, ina riƙe maka buta muna zagaya ta? Duk inda ka ga danshi sai ka tsuguna ka tari ruwan a tafin hannu. In ya fito garau sai ka ce gumi take yi, a ƙyale ta. In ya fito da laka sai ka ce cin ta ake yi daga ciki. Na tara hannu kamar yadda kake yi. Kaka, kamar kunun kanwa. Na ɗaga ciyawa, ashe ramin gafiya ne, ruwa ya samu hanya, yana ɓulɓulowa yana kwashe ƙasa.

Me zan yi? Na cusa ɗankwalina. Na cusa takalmana. Na naɗe littafin Gwaggo na tura shi, saurayi da budurwa da duk danginsu. Sannan na durƙusa na danne da gwiwoyi da hannu biyu. Da na gwada tashi in ruga in kira mutane, sai bakin ramin ya zube ya ƙara faɗi. Na koma na danne. Ba halin tafiya ke nan, sai kira.

Na buɗe baki na ce Baba. Abin da ya fito ko ɗan kyanwa ya fi shi. Na sake gwadawa, ka san me na ce? Salamu alaikum! Wallahi, kamar na je aro gishiri a gidan maƙwabta. Ina hango su can gindin tsamiya kamar tururuwa, ba wanda ya waiwayo. Ruwa yana fita ta tsakanin yatsuna, sanyi ƙalau, ga shinkafarmu a bayana ta sunkuyar da kai, saura kaɗan ta nuna. Na ga gonar ta tafi, na ga an ɗaure kayanmu a mota, na ga wani yana tafiya a kan kunyar da ka ja.

Ban san lokacin da abin ya fito ba. Ba Baba na kira ba. Kai na kira. Na ce Kaka, na ja shi har sai da maƙogwarona ya yi zafi, na sake, na sake. Tsuntsayen kan kanya suka watse. Ni kaina na tsorata, don ban taɓa jin wannan muryar ba.

Sai ga su a guje. Daga baya na ji cewa da suka ji ana kiran mamaci da rana tsaka, sun ɗauka iskokin ruwa ne suka kama wata. Shi ya sa liman ya taho yana tofa addu'a, wani kuma ya taho da sanda, ban san wa zai daka ba. Baba ne ya fara isowa, ba takalmi, hannunsa duk miya. Kallo ɗaya ya yi wa lakar da ke hannuna. Ya haura jinga ya faɗa kogin har ƙirji, wasu suka bi shi, suna lalubawa da ƙafa har suka gano inda ruwan yake shiga. Ashe ta can ake toshewa, ba ta inda na zauna ba. Suka yi ta jefa buhuna, ni kuma aka ce kar in motsa, sai da ruwan ya rage ya koma garau sannan aka ɗaga ni. Ƙafafuna sun yi tsami, Baba ne ya riƙe ni har kan hanya. Ko a can ma bai yarda ya sake ni ba, Kaka. Ban taɓa ganin haka ba.

An zaro littafin ya zama dame. Na tambayi Gwaggo yadda labarin ya ƙare, ta ce ta manta, amma dai ta san an yi biki. Wane irin manta? Yanzu kullum ina ƙirƙiro abin da saurayin ya faɗa a ƙofar gidan, kuma ina ganin nawa ya fi na marubucin daɗi.

Tun daga ranar ba mai kirana Falmata. Lasifika ake ce mini. Matan unguwa suna cewa in na'urar masallaci ta lalace an san inda za a zo. Tsofaffin abokanka na bakin kasuwar kifi suna tsayar da ni su ce ashe amaryar Bukar ta iya kiran miji. Ni dai sai in rufe fuska da hijabi in wuce da sauri, amma a ciki murmushi nake yi.

Ba zan ɓoye maka ba, ba duka muka tsira ba. Bayan 'yan kwanaki ruwan ya zagayo ta baya, ta inda ba jinga, ya kwanta a kan kwarin gonar ya cinye shi. Wasu maƙwabtanmu ba su ɗauki ko zangarniya ba, Inna ta yi ta aika musu da kwano. Amma tudun gonarmu ya tsaya. Mun yanka, mun buga, mun sheƙe, an kawo gida a amalanke. Sai na rasa yadda Baba zai lissafa abin: ruwa ya ci ne, ko bai ci ba? Na kasa tambaya. Kullum ina kallon fuskarsa in yana cin abinci, ko zan gane.

Wata ranar kasuwa sai ga motar Alhajin a ƙofar gida. Na laɓe a bayan ƙyauren zaure, na kasa kunne. Suka gaisa, suka yi ta zancen ruwa da tsadar taki, kamar ba za su zo kan maganar ba. Da Alhaji ya taɓo ta, Baba ya gyara zama. Sannan ya ce a yi haƙuri, yanzu gonar ba tasa ba ce shi kaɗai, akwai wadda ta zauna a kanta, kuma bai ga alamar za ta tashi ba. Alhaji ya yi dariya ya ce labarin ya iso har cikin gari, a kira masa jarumar ya gan ta. Na fito na durƙusa na gaishe shi. Ya sa hannu a kunne ya ce me ta ce? Baba ya yi dariya har da hawaye, irin dariyarka sak. Aka auna wa Alhaji sabuwar shinkafa ya tafi da ita.

Ka ga dai ban gama koyo ba. Amma jiya a aji na ɗaga hannu, malama ta ce in maimaita sau ɗaya kawai.

Ruwa ya janye yanzu, ya bar ƙasa baƙa mai laushi. Sanyi ya fara shigowa, kifin banda ya cika kasuwa. Baba ya gyara injin ban ruwa, mun shuka alkama a kwarin da ruwan ya kwanta, ta fito sirara-sirara kamar gashin jariri. Da safen nan na je na gan ta da raɓa a kai.

Saura abu ɗaya, wanda ban gaya wa kowa ba. Ranar nan da na kira ka, bayan kira na farko na yi shiru na ɗan saurara. Na san inda kake, ina tsaye a bakin ƙofa aka fita da kai. Amma na saurara. Ba ka amsa ba, sai ɗanka ya zo a guje da miya a hannu. Na yi ta tunani a kai, kuma na ga ban yi fushi da kai ba.

Gonarka tana nan, Kaka, mu ma muna nan. Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka, ya sada mu a inda ba a gina jinga. Ka huta lafiya.

Jikarka,
Falmata, wadda ake ce wa Lasifika